Gefen da Malama Ke Shiga

In kana tsaye a bakin titi lokacin tashin 'yan makaranta, ka ga wata tsohuwar mota ta taho a hankali, gefe ɗaya ruwan hanta mai sheƙi, ɗaya gefen kuma ruwan bula da ya koɗe, ga dabbare-dabbaren toka-toka a jikinsa, to yi dariyarka a ciki. Mai motar yana da kunne, kuma yana da baki. Baba Ba-Ribas ke nan, kuma in ka tambaye shi zai gaya maka cewa haka ya tsara ta tun farko.

Duk wanda ya koyi tuƙi a hannunsa ya san abu biyu game da shi: mutumin ya iya mota, kuma bai taɓa yin kuskure ba. Na farkon gaskiya ne. Na biyun kuwa shi da kansa ya sanar da jama'a, ya yi ta nanatawa har suka gaji suka yarda.

Sunan ma a wurin aiki ya samo shi. Shekara da shekaru yana koyar da tuƙi a wani fili bayan kasuwa, inda ya jera tsofaffin tayoyi suka zama kwana-kwana. In ɗalibi ya wuce inda ya kamata ya karya, ya kai hannu zai sa ribas, sai Baba ya buge hannun. "Wa ya aike ka baya? Zagaya! Hanya ta ƙare ne?" Kuma haka ya tafiyar da rayuwarsa kaf. In ya sayi takalmi ya matse shi, zai yi ta sa shi har ƙafar ta haƙura. In ya faɗi magana aka kawo masa hujja, ba ya janyewa, sai ya bi da ita ta wani lungu, ya ɓullo daidai inda ya tsaya da farko. Dogo ne siriri, kullum da tsumma a aljihun baya, ba ya iya wuce gilashin mota mai ƙura bai goge ba, ko ta wane ne.

Ɗaliba ɗaya ce tak ta gagare shi. Wata malamar firamare ce, 'yar gajeriya mai tabarau. Ranar da ta fara riƙe sitiyari ta bi ta kan tayoyin nan ɗaya bayan ɗaya kamar da gayya, shi kuwa yana gefe yana zuba, birki, kulochi, madubi, ke dubi gabanki. Sai ta kashe motar, ta gyara tabarau, ta ce, "Malam, kai ne kake ruɗa ni. Bakinka ba ya hutawa ne?"

Ba a taɓa gaya masa haka ba. Ya ce, "To, tunda ba za ki iya ba, sai dai a riƙa kai ki ana ɗauko ki."

Ta ce, "Wa zai yi wannan wahalar?"

Ya ce, "Ga ni."

Malama ba ta ƙara taɓa sitiyari ba har yau. Tun daga ranar ta raɗa masa Mai Surutu, kuma ita kaɗai ce ke kiransa haka ta kwana lafiya.

Bayan aurensu ne suka je sayen motar. Shi ransa ya biya da wata ruwan hanta, irin ta manyan mutane. Ita ta nuna ruwan bular, ta ce wannan ko daga cikin aji za ta hango ta. Aka sayi ruwan bula, kuma a hanyar komawa gida ya riga ya fara bayanin dalilan da suka sa shi ya zaɓe ta. Daga nan kullum in an kusa tashi, sai ya bar ɗalibansa a fili su yi ta zagaye da motar koyo, ya shiga tasa, ya tsaya a ƙofar makaranta ya danna hon. Malama ta fito da jakarta, ta buɗe ƙofa, ta zauna, ta ce, "Ka makara." Ko da shi ya riga ƙararrawa zuwa, sai ta faɗa. Shi kuma ya ce, "Agogonki ne ke gudu." Gaisuwarsu ke nan, kuma a kanta suka tsufa.

Yara suka girma suka watse, sai Auta, wadda ke aiki a kantin magani, ita ta rage a gida. Malama ta bar koyarwa, shi ma ya miƙa filin ga wani tsohon ɗalibinsa. Sai mantuwa ta fara yi wa Malama sallama. Da farko abin dariya ne, a nemi makulli a same shi cikin firij. Daga baya sunayen jikoki suka tafi, sai na 'ya'ya. Wata safiya suna shan shayi, ta dube shi da ladabi ta tambaye shi ko wurin maigidan ya zo. Baba ya ajiye kofi, ya fita bayan gida ya daɗe yana goge motar da ba ta da ƙura. Abin ya yi masa ciwon da bai taɓa jin irinsa ba.

Amma shi ba mai zama ya rafka tagumi ba ne. Ya lura cewa kullum, da zarar hayaniyar 'yan makaranta ta cika titi, Malama takan sa tabarau, ta ɗauki tsohuwar jakarta, ta fita ta tsaya a ƙofar gida tana duban hanya. A ganinta ƙofar makaranta ce, an tashi, tana jiran mijinta. Ranar farko ya kama hannunta zai mayar da ita ciki, ta fashe da kuka. Washegari sai ya fitar da motar ta ƙofar baya, ya bi lungu, ya zagayo ta babban titi, ya tsaya a gabanta ya danna hon. Fuskarta ta washe. Ta shiga, ta ce, "Ka makara."

A cikin motar nan ta san shi sarai. Takan tambaye shi ko yara sun ci abinci, ta yi masa faɗan gudu, ta ba shi labarin wani yaro a ajinta da ya haɗiye alli, yaron da yanzu ya yi furfura. Su zagaya unguwa su dawo, ta shiga gida, kafin magariba ya sake zama baƙo mai kirki da ke zaune a falo. Wannan ɗan zagayen shi ne abin da ya rage masa na matarsa, kuma ba ya fashinsa ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Matsalar ita ce motar ma ta tsufa. Tsatsa ta ci ƙasan ƙofofi, ta fara hawa bayan taya. Auta ta ce a kai ta wurin masu gyaran bodi. Baba ya ce su riƙe masa mota wata guda suna cewa gobe? Da hannunsa zai yi, a gida, kafin a ce me ya gama. Ya tafi kantin Mai Fenti, wani mai tumbi da ba ya gaggawar komai, don ya sayo fila ta cike ramukan tsatsa da samfefa ta gogewa. Yana shiga idonsa ya faɗa kan wani gwangwani a saman kanta, an ɗiga launinsa a murfi. Ruwan hanta. Tsohon burin nan da ya kwanta shekaru ya miƙe tsaye.

Mai Fenti ya ce, "Baba, ba launinta za ka mayar mata ba?"

"Launin tsohon bokiti? Sauko min da wancan."

"To in za ka canza, ka kankare tsohon tas, ko ka sa na ƙasa tukuna."

"Fentin kamfani ne a jikinta, ya fi ƙarfe ƙarfi. A wanke a fesa a kai, shi ke nan. Ni za ka koya wa mota?"

Auta ta ga gwangwanin a gareji. Ta ce, "Baba, kana ganin Mama za ta gane motar kuwa?"

Ya ce, "Ke, mota take jira ko ni? Fenti ta aura? Hon ɗina ta sani, zamana a kujera ta sani. Ko a jirgin ruwa na zo za ta gane ni."

Ya faɗi wannan da ƙarfi, har ya fi yadda ya saba. Gaskiyar ita ce yana matuƙar son abin ya zama haka.

Aiki kam ya yi shi, ba za a ƙwace masa ba. Ya goge duk inda tsatsa ta ci har farin ƙarfe ya fito, ya cike da fila, ya bi da samfefa har wurin ya yi sumul. Ya rufe gilasai da fitilu da tsofaffin jaridu da salatif. Ya aro injin feshi wurin tsohon ɗalibinsa, ya ɗaure hanci da tsumma, ya yi ta kai hannu yana kawowa a nutse kamar wanda aka haifa da sana'ar. 'Yan kwanakin da aka yi ana wannan, Auta ce ke lallaɓa Malama a ƙofar gida, tana ce mata an kai mota gyara, yau a ƙafa za su koma.

Ranar da ya ɓare jaridun ya fito da motar rana, shi kansa sai da ya ja da baya. Motar ta koma yarinya. Tela, maƙwabcinsu da ke ɗinki a shagon da ke kallon gidan, ya taso daga kan keke da almakashi a hannu, ya zagaya ta yana cewa, "Kai, Baba! Wannan ai sai a ɗauko gwamna a ciki." Baba ya ce ai aikin ba wuya, sai dai in mutum bai iya ba. Ya shiga ya yi wanka, ya sa rigarsa ta fita kunya, har da turare.

Da hayaniyar yara ta tashi, ya bi lungu ya zagayo. Ga Malama a tsaye da jakarta. Ya tsaya a gabanta yana murmushi, ya danna hon kamar kullum.

Ta dubi motar, ta kawar da kai, ta ci gaba da leƙen hanya.

Ya sake dannawa. Ya miƙa hannu ya sauke gilashi. "Malama, ni ne. Shigo mana."

Ta ce, "Na gode, bawan Allah. Maigidana yana hanya."

Ya fito ya zagayo ya buɗe mata ƙofa da kansa. Sai ta ja da baya, ta rungume jakar a ƙirji. "Malam, ka ji tsoron Allah. Ni matar aure ce. Ka matsar da motarka, za ka tare masa wuri."

Tela ya sunkuyar da kai kan kekensa, ya hau taka shi da ƙarfi ba tare da ƙyalle a ƙarƙashin allura ba. Baba ya koma mota ya ja ta ya mayar gareji. Malama kuwa ta tsaya a wurin har rana ta yi sanyi. Da Auta ta samu ta shigo da ita, Baba yana jin Malama daga falo tana cewa, "Bai taɓa yi min haka ba. Anya ba wani abu ne ya same shi a hanya ba?"

Da Auta ta fito ta dube shi, sai ya riga ta magana. "Baƙunta ce kawai. Za ta saba."

Bai bar dabara ba. Ya gwada zuwa da tsohuwar hularsa. Ya gwada yin hon tun daga kwana, don kunnenta ya riga idonta. Da ta ji sai ta ɗago da murna, ta nemi ruwan bula a titi, ba ta gani ba, murnar ta mutu a fuskarta yana kallo. Ya gwada tahowa a ƙafa, ta gaishe shi da ladabi ta tambaye shi ko shi uban wani ɗalibi ne. Ta rage cin abinci. Ta riƙa tambayar Auta ko an duba asibiti. Mutanen unguwa kuwa ba su fasa yabon fenti ba, kowa ya tare shi sai ya ce Baba, wa ya yi maka wannan aiki, shi kuma ya amsa da ni ne, amma muryar ba ta cika baki kamar da.

Ya fara zama a gareji da safe yana kallon motar. Launin da ya yi shekaru yana mafarki yanzu in ya dube shi sai ya tuna teburin mahauci. Bai ce ya yi nadama ba. Kalmar ba ta cikin kayan aikinsa. Ya dai ce wa kansa hasken garejin ne ba shi da kyau.

Sai wata rana yara suka tashi, titi ya cika da ihu, Malama ba ta motsa daga kujera ba. Jakar na rataye a ƙusa. Auta ta ce, "Mama, an tashi fa." Ta ce, "Bar shi. Ba zai zo ba." Ta faɗa a hankali, ba kuka, kamar wadda ta riga ta gama makoki.

Wannan ce ta karya shi. Tsoro ya kama Baba, tsoro na gaske, cewa ya shafe ƙofa ɗaya tilo da ta rage tsakaninsa da matarsa, kuma da hannunsa ya shafe ta.

Da sassafe yana ƙofar kantin Mai Fenti tun kafin a buɗe. Ya ce wani abokinsa ne ya aiko shi, ya fesa wa motarsa launin da bai karɓe ta ba, yana son komawa ruwan bula. Mai Fenti bai ko ɗaga gira ba. Ya sauko da duk wani shuɗi da ke kantin ya jera. Wannan ya yi duhu, wannan ya yi haske, wannan ya yi ƙyalli kamar sabon kwano. Baba ya yi ta girgiza kai.

Mai Fenti ya ce, "Baba, launin da abokinka yake nema ba ya cikin gwangwani. Rana ce da sabulu suka haɗa shi a hankali. Amma tsaya. Ya kankare tsohon kafin ya fesa?"

"Ina! An gaya masa, ya ƙi. Taurin kai gare shi."

"To taurin kansa ya cece shi. Sabon bai gama ƙanƙamewa ba. Ya jiƙa tsumma da tina, ruwan nan mai narkar da fenti, ya riƙa gogewa kaɗan-kaɗan, zai tashi, tsohon na nan a ƙasa. Sai dai ka gaya masa ba za ta yi kyau ba. Duk inda ya sa fila zai fito fili. Za a yi masa dariya."

Baba ya ce, "Abokin nawa ba ya jin dariya. Ba ni tinar."

Daga ƙofar da Malama ke shiga ya fara. Shafar farko tsumman ya rine jawur. Ta biyu, ta uku, sai ga wani ɗan fili kamar tafin hannu, ruwan bula, koɗaɗɗe, har da tsohon ƙwarzanen da maƙallin jakarta ya yi kusa da mariƙin ƙofa. Ya tsaya yana kallon ƙwarzanen nan, idonsa ya cika. Ya ce warin tina ne.

Aikin ya fi feshin wuya nesa ba kusa ba. Yatsunsa suka yi fari suna zafi, bayansa ya riƙe. Can Auta ta leƙo, ta ga abin da ake ciki. Yarinyar kirki, ba ta ce ai na faɗa ba. Ta naɗe hannun riga, ta ɗauki tsumma, ta durƙusa wajen ƙofar baya. Sun daɗe suna gogewa kafin ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Baba, ribas ake yi ne?"

Ya ce, "Wane irin ribas? Zagaye nake."

Lokacin da muryoyin yara suka fara tasowa daga titi, gefe ɗaya kawai suka gama, shi ma da jirwayen ja a lungu-lungu da tabon fila. Bonet da rufi da ɗaya gefen suna nan ruwan hanta. Auta ta ce a bari sai gobe, a gama ta gaba ɗaya. Baba ya ce gobe ta yi nisa, kuma ai gefe ɗaya ake gani daga ƙofar gida. Ko hannu bai wanke ba ya shiga ya tayar.

Ya bi lungu ya ɓullo babban titi. Yara suka bi shi da sowa suna nuna motar. Tela ya miƙe daga kan keke yana kallo. Baba ya daidaita gefen ruwan bular da ƙofar gida, ya tsaya. Ba kowa a wurin. Ya danna hon.

Shiru.

Ya sake dannawa. Labulen falo ya motsa. Sai ga Malama ta fito bakin ƙofa, ba tabarau, ba takalmi, ta ƙanƙance ido tana duban motar. Ta daɗe tana dubawa. Sai ta juya ta koma ciki.

Baba ya kifa goshi a kan sitiyari. Bai ɗago ba sai da ya ji an ja mariƙin ƙofa. Ta sa tabarau, ta sa takalmi, ga jaka a kafaɗa. Ta zauna, ta gyara zama, ta ɗora jakar a cinya.

Ta ce, "Ka makara."

Amsar na nan a bakinsa, wadda ya yi shekaru yana bayarwa. Ta ƙi fitowa. Ya ce, "Na makara, Malama. Ki yi haƙuri."

Ta juyo ta dube shi ta saman tabarau. "Yau kuma? Lafiyarka ƙalau kuwa?" Sai idonta ya kai kan bonet. "Wa ya zuba wa motar nan ja a gaba?"

"Wani mai taurin kai ne."

"To ka daina ba shi aro."

Ya sa giya suka tafi. Suka wuce shagon Tela, suka wuce kantin magani, bai ce uffan ba. Sun kusa kwanar da suka saba karyawa su koma gida, ta miƙo hannu ta dafa nasa, wanda ke kan giya, jawur da fenti.

Ta ce, "Mai Surutu, yau ka yi shiru."

Baba ya wuce kwanar bai karya ba. Ya miƙe da ita doguwar hanya, ya gyara murya, ya fara yi mata bayanin yadda direbobin yanzu ba su iya komai ba.